Kifayen anjel biyu sababbin zuwa suna faɗa a tankin murjani: a raba su ko a jira?

Baƙon Teku:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kifin ruwan gishiri.

Tankina tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300 kafin a cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye. Shekararsa ɗaya da wata biyu da kafawa. Akwai duwatsu masu rai, wato duwatsun teku da ke ɗauke da ƙananan halittu, wajen kilo 30, a jere kamar katanga a jikin gilashin baya. Murjanin yawanci masu taushi ne, sai masu ƙashi mai tauri, Trachyphyllia ɗaya da Euphyllia biyu. Tsofaffin mazauna su ne kifin kilawun biyu (ƙananan nan masu ruwan lemo da ratsin fari), gobi ɗaya (ƙaramin kifi mai zama a ƙasan tanki), da jatan lande mai share jikin kifi.

Kwana huɗu ke nan da na saka ƙananan anjel biyu a rana ɗaya: Centropyge loricula, jan nan mai ratsin baƙi da 'yan kasuwa ke kira filem, da Centropyge bispinosa mai launin shunayya, wato koral biyuti. Kowannensu ya kai kusan santimita 7. An ce mini in aka saka su tare babu wanda zai ɗauki tankin a matsayin gidansa shi kaɗai. Ranar farko lafiya lau. Daga rana ta biyu jan ya fara korar ɗayan, yanzu kuwa ba ya barinsa ya sauko cikin duwatsu sam. Mai shunayyar yana maƙale a kusurwar sama bayan famfo, launinsa ya dushe, gefen wutsiyarsa ya yage, kuma tun jiya bai ci komai ba.

Awon ruwa: gishiri 1.025, zafi digiri 27, amoniya 0, naitirait 0, naitiret 10 (sinadarai uku da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci), pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.1. Sau ɗaya nake ciyarwa, da yamma. Ban killace su a wani tanki dabam don duba lafiyarsu ba kafin in saka su.

Shin wannan faɗan sabo ne da zai wuce da kansa, ko in raba su? In rabawa ce, wanne ake cirewa?

Sarkin Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka raba su yau, kada ka kai gobe.

Faɗan anjel iri biyu ne, kuma da ido ake bambance su. Akwai na tantance wa ke gaba da wa. A nan za ka ga sun tsaya gefe da gefe, kowa ya baje fuka-fukansa, su zagaya juna, sai ɗaya ya kori ɗaya tsawon taku ɗaya ko biyu ya juyo ya ci gaba da tsince-tsincensa a kan dutse. Wanda aka kora yana dawowa bayan daƙiƙoƙi kaɗan, yana cin abinci, kuma da dare yana da ramin kwanansa. Wannan ana iya zuba masa ido kwana uku zuwa bakwai, yakan lafa. Ɗayan kuwa kora ce daga gari. Mai ƙarfin yana barin abinci ya tafi neman abokin gabarsa, yana binsa daga wannan bango zuwa wancan, yana cizo. Alamomin da ka lissafa duka na irin na biyu ne. Kifin da ke rayuwa a cikin duwatsu ba ya zama a kusurwar sama sai in an hana shi ko'ina. A teku da tuni ya bar yankin ya tafi gaba, a tanki kuwa gilashi ya tare shi, shi kuma jan yana ganin kamar taurin kai ne ya hana shi tafiya, sai ya ƙara matsa masa.

Shawarar da aka ba ka ta saka su rana ɗaya tana da tushe, amma rabin magana ce. Kifayen Centropyge a kan murjani suna zama ne gida-gida, namiji ɗaya da mata kaɗan, kuma suna tsare yankin da suke kiwo. Duk a mata suke farawa, wadda ta fi girma da rinjaye ita ke rikiɗa ta zama namiji. Don haka girman jiki ne ke raba musu gardama. Idan ɗaya santimita 8 ne ɗaya 5, ƙaramin yana sunkuyawa tun farko magana ta ƙare. Naka kuwa kai ɗaya suke, siffar jiki ɗaya, abinci ɗaya, ramuka iri ɗaya suke nema. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle garin da tsawonsa bai wuce santimita 120 ba. Filem kuma dama ya fi koral biyuti zafin kai a mafi yawan lokuta.

Abin da ake bukata shi ne akwatin roba mai haske wanda ake maƙalawa a cikin tankin, mai huji ta ko'ina don ruwa ya riƙa ratsawa. Kada ya gaza santimita 25 a tsawo, 15 faɗi, 15 tsayi, kuma da murfi, domin kifin da ya firgita yana tsalle. A saka masa gwiwar bututun roba mai faɗin baki santimita 5 ya zama maɓoya. A maƙala akwatin inda ruwa ke ɗan motsi, ba daidai bakin famfo ba.

Game da wanda ake kullewa: a ƙa'ida mai faɗan ne. Kwana 10 zuwa 14 yana ciki, shi kuma wanda aka zalunta ya sauko ya san duwatsun, ya zaɓi ramin kwana, ya murmure. In ka kulle mai rauni ka bar jan yana yawo, ka ƙara tabbatar masa ne cewa tankin gaba ɗaya nasa ne, ranar da ka buɗe akwatin kuma a koma gidan jiya. Sai dai tunda naka ya kwana bai ci ba, kuma shi ne mai sauƙin kamu a inda yake, fara saka shi a akwatin yau don a tsayar da cizon. Ka ba shi kwana biyu ko uku ya fara ci, kana haɗa tarkon jan. Da zarar jan ya shiga hannu sai a yi musanya.

Ɗiyar Masunta:

Abin da Sarkin Ruwa ya faɗa haka yake. Ni zan taɓo abubuwa biyu da suka rura wutar, wato jerin duwatsun da tsarin ciyarwa.

Ɗan'uwa, duwatsun da aka jera katanga guda a baya su ne mafi munin tsari ga kifi masu tsare yanki. Jan yana iya tsayawa a tsakiya ya hango tankin daga farko har ƙarshe, kuma a wurinsa duk dutsen da ke haɗe da nasa nasa ne. Abin da ake so shi ne tsibiri biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da filin yashi na santimita 20 zuwa 25 a tsakaninsu. Ɗaya ya fi ɗaya tsayi, kuma a sa wani dogon dutse a tsaye ta yadda kifin da ke bayan wannan tsibirin ba zai ga na bayan wancan ba. Yawancin kora tana ƙarewa ne da zarar mai gudu ya ɓace wa ido. Kowane tsibiri ya kasance da ramuka masu ƙofa biyu, a shiga ta nan a fita ta can. Rami mai ƙofa ɗaya tarko ne, a ciki ake ritsa kifi a yi masa illa. A bar kuma hanya ta kamar santimita 5 tsakanin duwatsu da gilashin baya.

Sauya jerin duwatsu a tankin da ke da murjani ba kamar na tankin kifi zalla ba ne, sai an bi a hankali. A tanadi sabon ruwan gishiri lita 50 tun daren jiya, mai gishiri da zafi daidai da na tankin. A kashe famfuna. A ɗebi ruwan tankin a roba a ajiye murjanin da ba a manne su ba, musamman Euphyllia, don naman jikinsu yana yagewa a kan ƙashinsu in aka girgiza su suna buɗe. A ɗan kaɗa musu ruwa da hannu su tsuke tukuna. Duwatsun ƙasa su zauna a kan gilashi, ba a kan yashi ba, in ba haka ba gobi zai tone ƙarƙashinsu su rufto. Kada a bar dutse mai rayayyen soson teku a jikinsa ya daɗe a iska, soson yana mutuwa ya ɓata ruwa. In yashin ya haura santimita 5 a zurfi kada a tona shi, domin ƙasansa yana iya riƙe iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce. Dattin da ya taso a zuƙe shi da tiyo, a cike da sabon ruwan, a riƙa auna amoniya kullum har kwana uku. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ranar da jan ya shiga akwati, domin in ya fito ya tarar da garin da bai sani ba.

Sai abinci. Anjel ƙarami yini yake yana tsintar gansakuka da datti da ƙananan halittu a jikin dutse. Sau ɗaya a rana ya yi masa kaɗan, kuma yunwa na sa shi ya ƙara tsare kiwonsa. Mayar da shi sau uku ko huɗu, kowane karo abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu: ƙananan jatan landen maisis da aka daskarar, abinci mai sifirulina (wani irin gansakuka), da wanda aka haɗa musamman don anjel mai soson teku a ciki. A narkar da daskararren a ɗan ruwan tanki, a zuba rabi a dama rabi a hagu lokaci guda, mai faɗan ba zai iya tsare wuri biyu ba. A maƙala busasshen ganyen nori, wato ciyawar teku, kamar faɗin yatsu biyu a kowane ƙarshen tankin, wanda ya rage bayan awa huɗu ko biyar a cire. Ƙarin abinci zai ɗaga naitiret, saboda haka canjin ruwa na lita 25 zuwa 30 duk mako ya zama dole. Akwai wata riba kuma: anjel mai ƙoshi bai cika taɓa murjani ba. Trachyphyllia ɗinka na cikin waɗanda suka fi so su tsattsaga. In ka ga ta daina kumbura da rana, tsaya daga nesa ka lura da wanda ke kai mata baki.

Madubi ma yana ɗan taimakawa. A manna ƙarami a jikin gilashi ta waje, a ɓangaren jan, ya shagala da faɗa da inuwarsa. Amma na awa biyu ko uku ne a rana, na 'yan kwanaki. In aka bar shi dindindin kifin yana goge bakinsa a gilashi har ya ji rauni, ko kuma ya gane ya daina kulawa. Haka rage hasken fitila: yana sanyaya kora, murjani kuma za su jure kwana biyu zuwa uku, kada a wuce haka.

Baƙon Teku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu akwatin, mai shunayyar yana ciki, kuma ya ɗan taɓa maisis da yamma. Matsaloli biyu suka taso. Jan da ya ga raga sai ya shige duwatsu, ya gagara kamuwa. Sannan na lura da ɗige-ɗige fari uku ko huɗu kamar ƙwayar gishiri a fiffiken na cikin akwatin, kuma kamar yana numfashi da sauri. Ciwon cizon ne ko wani abu dabam?

Mai Murjani:

Malam, ajiye ragar nan gaba ɗaya. Ko da ka cim masa da ita, ba da raga ake kama anjel ba. Duk dangin anjel, wato Pomacanthidae, suna da ƙaya mai kaifi a ƙasan kumatu, a gefen murfin da suke numfashi ta ƙarƙashinsa. Tana sarƙewa a zaren raga, in aka ja sai a yaga wurin. In hakan ta taɓa faruwa, da almakashi ake yanke zaren, ba a fizga. Da kofi ko roba mai haske ake ɗaukar su.

Kifi na ganinka mai jar koma, don haka da tarko da haƙuri za ka same shi. Akwai tarkon roba mai ƙofar zamewa da ake ja da zare. In babu, a samu gorar ruwa ta lita 2, a wanke ta ba sabulu, a yanke kanta a juya shi ciki kamar mazurari, a faɗaɗa bakin ya kai santimita 5 don jikin anjel yana da faɗi daga sama zuwa ƙasa, a goge kaifin yankan, a huda gindin gorar don ruwa ya wuce. A ajiye tarkon kusa da dutsen da ya fi zama. Kwana biyu zuwa uku kada abinci ya shiga tankin sai a cikin tarkon, kuma kada a taɓa ƙofar ko da ya shiga a karon farko yana ɗari-ɗari. Sai ya saba yana shiga har ƙurya sannan a rufe, domin in ya tsere sau ɗaya zai yi mako yana gudun wurin. In tarko ya ƙi, tunda dama za a sake jerin duwatsu, a haɗa aikin biyu: a rage ruwa zuwa rabi, a fitar da duwatsun cikin robobi da ruwan tanki, a kama shi a fili.

Ɗigon farin nan ya fi faɗan damuna. Cizo yana barin yagewa ko ɓawon da ya tashi, ba ya barin ƙwayoyi zagaye masu girma ɗaya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da Cryptocaryon irritans, ƙwayar cuta da ke maƙalewa a fatar kifi. Kifin da ba a killace ba yakan zo da ita a ɓoye, wahalar kora ta karya masa garkuwar jiki, sai ta bayyana. Ƙwayar tana kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi, ta faɗo ƙasa ta rufe kanta, ta hayayyafa, 'ya'yan su fito neman kifi. Shi ya sa ɗigon ke ɓacewa mutum ya ɗauka an warke, bayan mako ɗaya ko biyu su dawo ninki. Ƙirga numfashinsa yana hutawa: motsin murfin kumatu cikin daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. In ya haura 120 a minti, ko ka ga jikinsa kamar an barbaɗa masa hoda, ko yana tsayawa a gaban famfo yana fuskantar ruwa, to a yi zargin Amyloodinium, wata ƙwayar cutar dabam, wadda ke kisa cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba a kwana da ita.

Duka biyun a tankin killacewa ake maganinsu. Lita 60 zuwa 80 ya isa, ba yashi ba dutse, sai bututun roba na ɓuya, matatar soso, da dutsen iska mai fitar da kumfa a ruwa. Maganin tagulla ake amfani da shi, kuma ko ɗigo kada ya shiga tankin murjani, yana kashe murjani da jatan lande, duwatsu kuma suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. Centropyge ba su cika jure tagulla ba in aka zuba ta gaba ɗaya, sai su daina ci. A raba ta kashi-kashi cikin kwana huɗu zuwa biyar, sai fa in Amyloodinium ce, nan kwana ɗaya zuwa biyu ake yi. Cikin magungunan tagullar da ake sayarwa, Cupramine ana tsayar da shi a 0.5 miligiram a kowace lita, Copper Power kuwa tsakanin 2.0 da 2.5, har kwana 30, ana aunawa kullum da ma'aunin da ya dace da irin maganin. Kada a haɗa Cupramine da magungunan ɗaure amoniya irin su Prime, haɗin yana mayar da tagullar guba mai tsanani. In amoniya ta taso, canjin ruwa ne maganinta, kuma sabon ruwan a sa masa tagulla daidai gwargwado kafin a zuba. In cutar ta tabbata, duk kifayen ne za su fita, har kilawun da gobi, a bar babban tankin ba kifi kwana 76. Anjel biyun kuma a raba su da shinge mai huji a tankin killacewar, don ƙaramin wuri ya fi haɗari.

Wutsiyar da ta yage tana tsirowa cikin mako biyu zuwa uku in ruwa na da tsabta kuma cizon bai kai gindinta ba. In bakin raunin ya yi ja ko fari-fari yana ci gaba da cinyewa, ƙwayoyin bakteriya sun shiga.

A nan zan ɗan saba da Sarkin Ruwa. Akwati da sabon jeri suna aiki, amma a ganina lita 300 gidan anjel ɗaya ne. Masu haɗa Centropyge biyu mabambanta su zauna lafiya galibi tankinsu ya kai tsawon santimita 150 zuwa 180, lita 450 zuwa sama, kuma kifayen ba girmansu ɗaya ba. Ko sun yi shiru yanzu, nan da wata shida sun ƙara girma, filem ya zama cikakken namiji, rigima na iya dawowa. Ka fara tunanin wanda za ka riƙe. Koral biyuti ya fi sauƙin hali, kuma an fi samun wanda ke ƙyale murjani a cikinsu, ko da yake babu Centropyge da za a rantse a kansa.

Sarkin Ruwa:

Ban ƙi maganar Mai Murjani ba, lita 300 a bakin iyaka yake, kuma maganin cutar shi ne gaba da komai. Amma tunda kwana 76 ɗin za su share wa kowa tunanin yankinsa, ana iya gwadawa sau ɗaya bayan nan, da sharaɗi.

Mai shunayyar ya fara komawa, shi da kilawun da gobi, ya yi mako biyu ba jan a sababbin tsibiran. Sannan jan ya shigo cikin akwati, ya yi mako guda suna ganin juna ta roba. Lura da abin da jan ke yi a ciki. In har ranar ta biyar yana kai wa bangon akwatin hari duk lokacin da ɗayan ya gifta, ba a buɗe ba. In ya koma cin abincinsa yana ƙyale shi, a ciyar da kowa ya ƙoshi, a buɗe akwatin ana saura rabin awa fitila ta mutu, a ranar da kake gida washegari. A bar akwatin da tarkon a cikin tankin, kuma a ci gaba da saka abinci a tarkon don kamu na biyu ya zo da sauƙi. Tankin ya kasance a rufe da raga mai ido kamar milimita 6, a kuma sa wa famfunan kariya, kifin da ake kora yana faɗawa ko'ina.

Zafin digiri 27 ɗin ma a sauko da shi zuwa 25 ko 26 in da hali. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu, sai dai tana ƙara ƙafewar ruwa, kuma da tataccen ruwa mara gishiri ake cike gurbin, ba da ruwan gishiri ba. Ruwa mai zafi iskar da ke cikinsa kaɗan ce, kifin da ya sha gudu ko mai cuta a wajen numfashi shi ke fara galabaita in aka ɗauke wuta, saboda haka famfon iska mai batir ya kasance a kusa, musamman a tankin killacewa.

Bayan buɗewa, awa 48 ne ma'auni. In mai shunayyar yana ci a kowane karo, yana kwana a cikin dutse, ba sabon yagewa, a bar su. In ya koma kusurwar sama ko ya tsallake ciyarwa biyu a jere, a fitar da jan a nema masa wani tankin, kada a sake gwaji na uku.